Karen gonata ya kama lasar ƙafa, Baba ya ce hauka ne

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar gona a bayan garin Daura, kan hanyar Zango, inda nake kiwon kajin ƙwai da 'yan tumaki. Shekara biyu da suka wuce, bayan ɓarayi sun shigar mini sau biyu, na karɓo ɗan kwikwiyo a hannun wani mafarauci. Ja ne, amma ƙafafunsa na gaba farare ne tas, shi ya sa yara suka laƙaba masa Mai-safa. Tun da ya girma ko ƙwai ba a sake ɗaukar mini ba.

Tun tsakiyar damina ya tsiri lasar ƙafafun nan na gaba. Da farko jifa-jifa, yanzu kuwa ba dare ba rana, har maigadi ya ce ƙarar lasar tana hana shi barci. Farin gashin ya koma ja kamar an yi masa ƙunshi, tsakanin yatsunsa ya yi jajir yana wari, a wuyan ƙafar hagu kuma gashi ya zube, wurin ya yi kanta mai faɗin kwabo. Yana yawan kaɗa kai da sosa kunne. Ban da wannan yana cin abincinsa, yana gadinsa kamar kullum. Da rana a ɗaure yake a gindin bedi, kusa da inda ake wanke mazuban ruwan kaji, sai dare a sake shi. Abincinsa ragowar tuwo ne da kayan cikin kaji.

Maigadi ya ce yawun kare magani ne, a ƙyale shi. Da abin ya ƙi, ya shafa masa baƙin mai, daga baya ya barbaɗa barkono wai don ya daina. Ni ma na sha daka masa tsawa, har na taɓa dukansa. Yanzu labari ya kai kunnen mahaifina, ya ce alamar hauka ce, a kai shi daji a yar ko a kashe shi kafin ya ciji jikokinsa. Dama can ba ya son zaman karen. Ba na son saɓa wa Baba, ba na kuma son zaluntar dabbar da ta tsare mini dukiya. Kuma gaskiya ina jin nauyin a gan ni da kare a asibiti a cikin gari. Ina mafita?

Wani mai kiwon kaji, Daura

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa wa gonar albarka. Ka gaishe mini da maigadin da lasar kare ke hana shi barci. Ashe dai Mai-safa ne ke gadin, shi kuwa yana taya shi da minshari. Raha nake yi, kada ka kai masa.

Bari in fara da Baba, don maganarsa ta fi nauyi, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, kuma duk dattijon da ya taɓa ganin ƙarshen wanda mahaukacin kare ya ciza ba zai ɗauki zancen da wasa ba. Ga abin da zai kwantar masa da hankali. Karen da haukan ya bayyana a jikinsa ba ya wuce kwana goma a duniya, galibi ma ba ya kaiwa. Halinsa ne ke juyewa farat ɗaya: ya riƙa cizon duk abin da ya samu, itace, dutse, sarƙarsa, muryarsa ta canza, yawu ya riƙa dalala, wani kuma ya yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, haɗiya ta gagare shi, jikinsa ya shanye. Gaskiya ne a farkon ciwon wani karen kan lashi wurin da aka cije shi, amma wannan na 'yan kwanaki ne kuma wuri guda. Naka ya haura wata biyu yana lasa, yana ci, yana sha, ya san maigadi, yana haushi da muryarsa ta kullum. Wannan ba hauka ba ne.

Sai dai akwai inda Baba ya fi ka gaskiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu ban ga inda ka ce an yi wa karen allurar rigakafin hauka ba, kuma shirun ya ba ni amsa. Ana fara ta tun kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Ba sai daga waje ake kawo ta ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana haɗa ta. In an yi, likita zai ba ka kati da kwanan wata. Katin nan za ka kai wa Baba, kada ka je masa da gardama. Ka zauna ƙasa ka ce, "Baba, maganarka ce ta sa na kira likita, ga abin da ya ce, ga takardar allura." Dattijo in ya ga an ɗauki tsoronsa da muhimmanci, rabin rigimar ta mutu. Ka ƙara da alkawarin da za ka iya cikawa: karen ba zai shigo gida ba, yara ba za su taɓa shi ba har ya warke, kuma ko ƙwarzane ya yi wa wani za a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Batun a kai shi daji a yar kuwa, tsugune ba ta ƙare ba. Karen da aka yasar shi ke cuɗanya da karnukan da ba su da mai su, ya kwaso ainihin ciwon da ake gudu, ya dawo da shi bakin gari.

To, mu dawo kan ƙafar. Ruwa ba ya tsami banza. Kai in tsakanin yatsunka ya yi ƙaiƙayi hannu za ka kai, in ƙaya ce ka nemi allura, in abin ya gagara ka faɗa wa wani. Kare duk ba shi da waɗannan, harshe da haƙori kawai gare shi. Kowane kare yakan ɗan lashi ƙafa in ya dawo yawo, ya share ƙasa ya kwanta. Wanda ya mai da abin sana'a har gashi ya rine, ɗayan uku ne ke cinsa: ƙaiƙayi, ko zafin ciwo, ko ƙuncin rai. Sau da yawa ɗaya ke farawa sauran su biyo baya. Tsawar da kake daka masa daidai take da hana mai ƙazuwa susa. A gabanka zai daina, kana ba da baya ya ci gaba. Dukan kuwa ka yi istigfari ka bari, na ukun kake ƙara masa.

Jan launin da ka kira ƙunshi ba jini ba ne. Wani sinadari ne da ke cikin yawu da hawayen kare, ana ce masa fofirin, in ya daɗe yana jiƙa farin gashi sai ya rina shi ruwan tsatsa. Shi kansa ba ya cutarwa. Shaida ce kawai cewa an yi makonni ana lasa, kuma yana nuna maka daidai inda harshen ke sauka.

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan ita ce, ƙafa nawa? In ɗaya ce, kuma dare ɗaya abin ya fara, balle in da ɗingishi, to a nemi abin da ya shiga ko ya fashe. Masu laifin a ƙasarmu sanannu ne: ƙarangiya da kaka in ta maƙale a gashin tsakanin yatsu, tsidau, ƙayar aduwa ko ta bagaruwa, fasasshiyar kwalba, guntun waya, farcen da ya tsage. Akwai ɗan farcen nan na sama a gefen ƙafar gaba, wanda ba ya taka ƙasa balle ya cinye, sai ya yi ta tsawo ya lanƙwasa ya shige nama. Kaska ma tana son laɓewa a lungun yatsu. Akwai kuma wani ƙuda da ke zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa da zarnin fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta zauna, wurin ya taso kamar maruru da 'yar ƙofa a tsakiya. In aka toshe ƙofar da basilin numfashi zai gagare ta, ta leƙo, a matse a hankali ta fito.

Ina tuna wani mafarauci da ya kawo mini karyarsa shekarun baya, ya ce sammu aka yi mata don ta fi karnukan abokansa kamu. Mako uku tana lasar ƙafa ɗaya, an yi hayaƙi, an rataya laya. Muka sa mata takunkumi, muka buɗe yatsun a hasken rana, sai ga wani ɗan rami yana tsattsafo da ruwa. Guntun ƙaya ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ba a yi mako ba ta koma daji. Bai janye maganar sammun ba, cewa ya yi ai turo ƙayar aka yi.

Naka ba haka yake ba. Ƙafa biyu ne, a hankali abin ya taso, da damina ya fara, ga wari, ga kunne. Daga nesa nake magana, ban ga karen ba, amma alamun nan sun fi karkata ga abu biyu, kuma na farkon yana nan a gindin bedin.

Ka je da tsakar rana ka dubi ƙasar da yake wuni a kai. Ruwan wankin mazubai yana gangarowa wurin, ga kashin kaji a ciki, ga nasa fitsarin da kashin tunda sarƙa ba ta barinsa ya yi nisa, in kuma da Izal ko Hypo ake wankin, ragowarsu ma nan take taruwa. Ka san cin ruwan da ke kama tsakanin yatsun manomin fadama ko mai wanki da guga? Kusan haka ne. Kare ta tafin ƙafa yake ɗan yin gumi, tsakanin yatsunsa kuma a rufe yake da gashi, iska ba ta shiga. In danshi ya daɗe, ƙwayoyin funfuna da na bakteriya, waɗanda dama can suna zaune a fatarsa ba tare da sun cutar da shi ba, sai su samu gona su yi yawa. Warin nan mai kama da tsamin kwanannen ƙullu galibi na funfunar ne. Irin wannan ƙasa ce kuma gidan 'ya'yan tsutsar ciki mai ƙugiya. Daga kashin kare suke ƙyanƙyashewa, su huda fatar ƙafa, su haddasa ƙaiƙayi mai tsanani. Wannan ya shafi jikokin Baba kai tsaye, don suna shiga ƙafar yaron da ke yawo ba takalmi, a ga wani jan layi yana tafiya a ƙarƙashin fata kamar sawun maciji a yashi.

Na biyu shi ne borin jini. Yadda wani mutum in ya shaƙi ƙura ko ya ci wani abu jikinsa ke yin bori, haka wasu karnukan suke. Mutum yakan yi atishawa da mura, kare kuwa a fata abin ke fito masa, kuma inda ya fi kamawa su ne ƙafafu, kunnuwa, fuska, hammata da ciki. Yakan fara nunawa tsakanin wata shida da shekara uku, Mai-safa kuwa shekararsa biyu. Kaɗa kai da sosa kunnen da ka ambata su suka sa na kawo wannan. Abin da ke tayar da shi yana iya zama garin furen ciyawa, ko ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, ko cizon ƙuma, ko abinci. A ɓangaren abinci naman sa, madara, kaza da alkama aka fi kamawa da laifi, shi kuwa kayan cikin kaji ne cimarsa ta kullum. Amma kada ka yi saurin yanke wa kaji hukunci. Borin abinci ba ya bin yanayi, naka kuwa da ruwa ya zo. In ka ga ya lafa da hunturu ya dawo damina mai zuwa, to ciyawa ce ko danshi. Ka kuma tambayi maigadi ko an yi feshin maganin ciyawa ko an watsa takin zamani a makon da lasar ta fara, don karen da ke zagaye gona da dare a cikinsu yake takawa.

A nan maganar maigadi ta karye. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, harshensa kuma gurzar fata yake yi kamar soso. Ƙaiƙayi ya jawo lasa, lasa ta jiƙa wurin ta ɗaye fata, ƙwayoyi su shiga, ƙaiƙayin ya ninka. Ko abin da ya kunna wutar tun farko ya wuce, wannan zagayen shi kaɗai ya isa ya riƙe kare wata da watanni.

Kantar nan ta wuyan ƙafar hagu ita ta fi damuna. Nan ne harshe ya fi saurin kaiwa in kare ya kwanta ya miƙe ƙafafunsa a gaba. Lasar yau da gobe ke kashe gashin, fatar ta yi kauri, ta koma gyambo mai tauri, ciwon ya nutse ciki. Tana da taurin kai wajen warkewa, kuma an fi ganinta a karnukan da ke wuni su kaɗai ba abin yi. Ka tuna daga hannun wa ka karɓo shi. Jinin farauta ne, iyayensa wuni suke yi suna keta daji, shi kuwa daga hantsi har isha yana zagaye gindin bishiya ɗaya da 'yar sarƙa. Lasar tana sanyaya masa rai kamar yadda tsotson yatsa ke yi wa yaro. Ba cewa nake ka sake shi da rana ya kori masu sayen ƙwai ba. Ka ja waya mai ƙarfi tsakanin turaku biyu masu nisa, ka zura zoben sarƙar a jikinta, ya samu filin kai da kawo, ko ka kewaye masa wuri da raga. Maigadi ya riƙa zagaya gonar da shi da sassafe da kuma yamma. Sai dai kada ka ce ai ƙunci ne kawai ka tsaya nan. A yawancin waɗanda na gani akwai ƙaiƙayi ko ciwo a ƙasa, ƙuncin ɗori ne. Wani lokaci ma ciwon gaɓa ne a ƙarƙashin wurin, ko da yake wannan ya fi kama tsofaffi.

Baƙin mai da barkono kuwa gyaran gangar Auzinawa ne. Kada ka ci wa maigadi fuska, abin da ya tarar ana yi ya yi, kuma da niyyar taimako. Amma baƙin mai dattin inji ne da guba, yana ƙona fatar da ta riga ta ɗaye, kuma duk abin da aka shafa wa karen da ke lasa, a cikinsa aka zuba. Barkono a ɗanyen ciwo kuwa, wanda ke shakka ya gwada a nasa. In har yanzu da sauran man a jikinsa, a shafa man gyaɗa a murza a hankali ya narkar da shi, sannan a wanke da sabulun ruwa da ruwan ɗumi, a ɗauraye sosai. Ban da kananzir, ban da fetur.

Da ni ne, ga yadda zan yi tun gobe da safe. A canza masa wuri zuwa busasshiyar ƙasa mai inuwa, nesa da ruwan wanki, a zuba sabon yashi ko a ajiye masa katako, a riƙa kwashe kashinsa kullum. Sannan ku biyu, kai da maigadin da ya saba da shi, ku ɗaure bakinsa na ɗan lokaci da takunkumi ko tsumma mai laushi, don kare mai ciwo yakan ciji har mai shi. Ka sa safar hannu, ku buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, sama da ƙasa, har ƙafafun baya. Na ce ba na zaton ƙaya ce, amma a duba, kaka ake ciki. A rage gashin wurin da almakashi a hankali.

A tafasa ruwa a bari ya huce ya koma ɗumi-ɗumi. A kowane rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A tsoma ƙafar minti biyar zuwa goma, safe da yamma. In ka samu aidin na wanke ciwo irin Betadine a kemis, ka sirka shi da ruwa har ya koma launin ruwan bunu marar kauri, ya fi gishirin aiki. Haka ma ruwan wanki na kulohezidin da masu maganin dabbobi ke sayarwa, in an sirka yadda aka rubuta a jikinsa. Abin da mutane ke mantawa, alhali ya fi wankin muhimmanci, shi ne busarwa. A sa tsumma mai tsabta a tsane kowane lungu na yatsu. In aka wanke aka bar shi a jiƙe, an ƙara wa Borno dawaki.

Kada a naɗe ƙafar da leda ko bandeji mai matsewa. Zafi da danshi za su dafa ta, matsin kuma yana iya tsayar da jini. Abin da ke hana harshe kaiwa shi ne kwalar roba mai siffar mazurari da likitoci ke sa wa kare a wuya. In ba a samu ba, ƙaramin bokitin roba ya wadatar. A yanke gindinsa daidai yadda kai zai shiga, a naɗe bakin yankan da tsumma ko salatif kada ya yanke shi, a huda ramuka a ɗaure a jikin abin wuyansa, bakin bokitin ya ɗan wuce hancinsa. Kwana biyun farko zai yi ta karo da abubuwa yana fushi, yara su sha dariya, daga baya ya saba. A dai tabbatar bakinsa yana kaiwa ga ruwa da abinci. Gadi ba zai tsaya ba, bokiti ba ya hana haushi.

Duk wannan agajin farko ne. Ƙafar da ta yi wata biyu tana wari, ga kanta a kai, sai likitan dabbobi. Abin da zai yi wanda ni da kai ba za mu iya ta wasiƙa ba shi ne ya kankari fatar, ko ya manna salatif ya ɗauko abin da ke wurin, ya duba a madubin ƙara girma, ya bambance funfuna da bakteriya da ƙwarin ƙazuwa. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa nake roƙonka kada ka tsaya a rumfar masu magani ranar kasuwa ka ce a ba ka allurar ƙaiƙayi. Abin da za a ba ka galibi dezametazon ne ko danginsa. Kwana biyu karen zai daina lasa ka ce an dace, amma in ƙwarin ƙazuwa ne ko ƙwayoyin cuta, maganin danne garkuwar jiki yake yi, su kuma su yi ta yaɗuwa. Yana da amfaninsa a borin jini, a hannun likita, na ɗan lokaci. Haka maganin kaska na shanu. Awon sa mai kilo 300 ba na kare mai kilo 20 ba ne, na ga karnukan da irin wannan wankan ya kashe. Sniper da fiya-fiya ko kusa kada su zo. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da diklofenak suna yi wa kare gyambon ciki su lalata masa ƙoda, farasitamol ma sai da awon likita.

Ka roƙi likitan ya haɗa da maganin tsutsar ciki, a riƙa maimaitawa duk wata uku, da na ƙuma da kaska. Akwai na zamani da ake ba kare ya tauna, kamar NexGard na wata-wata da Bravecto mai kai mako 12, suna kashe ƙuma da kaska har da ƙwarin ƙazuwa. Da tsada, kuma ba ko'ina ake samu ba, amma ka auna da kiret nawa na ƙwai ya tsare maka a shekara biyu. In ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka sani ciwon da ya nutse a ƙafa yakan ci mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye. Kada a tsaya don an ga sama ta bushe. Gwajin abinci shi ne na ƙarshe, sai an gyara wuri, an kashe ƙwari, an warkar da ciwon amma ƙaiƙayi ya ƙi tafiya. Mako takwas ana ba shi abu biyu kacal da bai saba ci ba, misali kifi da dankali, ba ragowar tuwo, ba kan kaza ko ɗaya, sannan a dawo da tsohon abincin a ga ko lasar za ta dawo. In kuwa ta tabbata borin ciyawa ne ko na ƙura, gara in faɗa maka tun yanzu, ba a rabuwa da shi, lallaɓa shi ake yi kamar asma. Ɗauraye ƙafa da tsanewa duk sanda ya fito daga ciyawa zai zama aikin kowace damina. Da hunturu tafin yakan yi faso, ɗan man kaɗe ya isa. Da bazara, in ƙasa ta yi zafin da ba za ka iya ɗora bayan hannunka ka ƙirga bakwai ba, shi ma ƙona shi take yi. In abin ya gagari na kusa, akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

In ka ga ƙafar ta kumbura suntum, ko tana zubar da mugunya, ko ya daina taka ta, ko ya ƙi abinci, kada a kwana. In kuma halinsa ya juye irin yadda na faɗa da farko, a killace shi, kowa ya nisance shi, a kira likita nan take.

Saura jin nauyin. Na fahimce ka, na san yadda ake bin mutum da kallo in an hango kare a bayan motarsa. Mafita mai sauƙi tana hannunka: likitan da ke zuwa yi wa kajinka rigakafi, shi za ka ce ya duba karen a gona, ko ya haɗa ka da wanda ya fi shi sanin karnuka. Ba wanda zai gan ka. Amma ina so ka cire wa ranka cewa abin kunya kake yi. Ni ba malami ba ne, ka nemi ƙarin bayani wajen malaminku, sai dai abin da muka taso muna ji a zauren karatu shi ne an yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, naka kuwa ya haɗa biyu. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sha a ciki umarni ne da ake bi don bauta. Hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi har Allah ya gafarta masa, Baba ya fi ni saninsa. Kada ka jawo masa shi kamar mai wa'azi. In zance ya kawo, ka tambaye shi yadda ƙissar take, ka bari ya faɗa da bakinsa.

Don kada ka karaya a hanya: ƙunshin nan ba ya fita da wanki, ko za ka ƙarar da sabulun kasuwar Daura. Sai tsohon gashin ya zube sabo ya fito, wanda kan ɗauki watanni. Kada ka auna sauƙi da launin sama. Bayan mako uku ko huɗu ka buɗe gashin da yatsa ka dubi gindinsa. In fari ne ke tasowa daga ƙasa, lasar ta tsaya. Ka rubuto mini abin da ka gani da abin da likita ya gano a madubi, kuma ka miƙa gaisuwata ga Baba.